Gwaji ya nuna ina da XXY: me ya sa homon biyu suka hau, ɗaya ya sauka?

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tawa, shekarata 32, kuma shekara biyar ke nan da aurena ba mu samu haihuwa ba. Duk tsawon wannan lokaci maiɗakina ake kallo, ita ake kai wa jiƙe-jiƙe da rubutun sha, har mahaifiyata ta fara yi mini zancen ƙarin aure. A hutun da ya wuce na zo Yamai ba tare da na gaya wa kowa dalili ba, aka yi mini gwajin maniyyi sau biyu, ba a ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya ba. Gwajin jini ya nuna FSH da LH sun haura iyaka sosai, testosteron kuwa ya yi ƙasa. Daga baya aka ƙara wani gwajin, sakamako ya fito 47,XXY, likita ya ce sunan abin Klinefelter. Ya yi mini bayani, amma a lokacin hankalina ba ya jikina. Wani abokina da ke aiki a farmasi ya ce in fara allurar testosteron, komai zai daidaita har haihuwar. Me ya sa biyu suka hau, ɗaya ya sauka, kuma akwai maganin da zai sauko da su? Shin ni cikakken namiji ne? In gaya wa maiɗakina, ko in yi shiru?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, zan fara da abin da ya fi gaggawa a wasiƙarka, domin shi kaɗai ne zai iya yin ɓarna cikin ƴan watanni: kada ka fara allurar testosteron yanzu, sai bayan ka zauna da likita kun tsayar da magana a kan batun haihuwa. Na yarda abokinka alheri yake nufinka da shi, kuma duk wanda ya dubi takardar gwaji ya ga wani abu ya yi ƙasa, abin da zai fara zo masa shi ne a ƙara shi. Sai dai waɗannan sinadarai suna sauraron juna, idan ka taɓa ɗaya sauran ma sai sun motsa, kuma amsar tambayarka ta farko ita ce za ta nuna maka inda haɗarin yake.

Homon sinadari ne da wata gaɓa take zubawa cikin jini domin ya kai saƙo ga wata gaɓar da ke nesa da ita. Harkar haihuwar namiji hawa uku ce. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wurin da ake kira hipotalamus, wanda yake sakin homon mai suna GnRH kaɗan-kaɗan, ya saki ya dakata, kusan duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Wannan homon yana gangarawa zuwa wata ƴar gaɓa da ke rataye a ƙarƙashinsa, wato hipofiz, wadda nauyinta bai wuce kusan rabin giram ba, ita kuma sai ta zuba LH da FSH cikin jini, waɗannan biyun da ka gani a takardarka. Daga nan jini ya kai su maraina, inda kowanne yake da nasa ma'aikatan. LH yana tafiya wurin ƙwayoyin halittar da ake kira Leydig, su ne masu yin testosteron, babban homon namiji. FSH kuma yana tafiya wurin ƙwayoyin Sertoli, waɗanda suke zaune cikin siraran bututun da suka cika maraina, kuma aikinsu rainon ƙwayoyin maniyyi tun suna ɗanye har su nuna, abin da yake ɗaukar kusan wata biyu da rabi.

Da a ce saƙon daga sama yake saukowa kawai, da ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar sanin ko an ji ta. Saboda haka maraina ma suna mayar da amsa, kuma amsar iri biyu ce. Testosteron ɗin da ƙwayoyin Leydig suka yi yana bin jini ya koma ƙwaƙwalwa, wani sashensa ma jiki yana juya shi ya zama estradiyol, wato homon da ya fi yawa a jikin mata, su biyun kuma su sa hipotalamus da hipofiz su rage LH. Ƙwayoyin Sertoli kuwa suna da nasu homon, inhibin B, wanda aikinsa shi ne ya sa hipofiz ta rage FSH. Ka ɗauki misalin mutumin da ya tsaya a ƙofar gida yana sallama. Idan an amsa masa daga ciki sai ya yi shiru ya jira. Idan bai ji amsa ba, ko ya ji ta ƙasa-ƙasa, sai ya sake sallama, ya ɗaga murya, ya ƙara ɗagawa. LH da FSH su ne sallamar, testosteron da inhibin B su ne amsar. Idan likita ya ga sallama ta yi ƙarfi amsa kuma ta yi rauni, ya san mai sallamar lafiyarsa lau, matsalar tana cikin gidan. Wannan shi ne abin da takardarka take cewa: ƙwaƙwalwarka da hipofiz ɗinka suna aikinsu daidai, har ma suna ƙoƙari fiye da na sauran mutane, maraina ne ba sa iya amsawa yadda ya kamata.

Dalilin rashin amsawar yana cikin lambar nan 47,XXY. A kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai ɗaurin gado da ake kira kuromozom, guda 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Biyu daga cikinsu su ne na jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Kai kana da Y ɗinka, kana kuma da X biyu, jimla 47. Wannan ƙarin X ɗin ba ya nuna kansa sosai lokacin ƙuruciya, yawancin yara masu shi homon ɗinsu daidai yake da na tsaransu, kuma suna shiga balaga a kan lokaci. Abin yana farawa ne a tsakiyar balaga, daidai lokacin da maraina ya kamata su fara yin maniyyi gadan-gadan. Ƙwayoyin da suke zama tushen maniyyi sai su yi ta mutuwa, bututun nan su taurare su zama tabo, ƙwayoyin Sertoli su lalace, inhibin B ya yi ta sauka har ya kai inda na'urar gwaji ba ta iya ganinsa. Da zarar inhibin B ya ɓace babu mai tsayar da FSH, shi ya sa FSH ne yake fara hawa kuma shi ya fi yin nisa. Ƙwayoyin Leydig ba sa mutuwa haka, suna nan, amma aikinsu ba ya cika, sai LH ya hau domin ya matsa musu. A wurin wasu mazan wannan matsin yana riƙe testosteron a ƙasan ma'aunin da ake ɗauka daidai, a wurin wasu kuma, kamar kai, ba ya kaiwa. Wannan lalacewar bututu ce kuma take sa maraina su zama ƙanana masu tauri. Na baligin namiji sukan kai mililita 15 zuwa 25 kowanne, na mai XXY kuwa galibi ba sa wuce 4 ko 5.

Abin da ke ba ni sha'awa a tarihin wannan lalura shi ne, ta hanyar wannan hawa da saukar aka fara gane ta, tun kafin kowa ya san adadin kuromozom ɗin ɗan Adam. A shekarar 1942, a wani babban asibiti da ke Boston ta ƙasar Amurka, Harry Klinefelter tare da Edward Reifenstein da malaminsu Fuller Albright suka bayyana maza tara masu ƙananan maraina, da girman nono, da rashin ƙwayoyin maniyyi, da FSH mai yawa a fitsari. Suka yi hasashen cewa lallai akwai wani homon daga maraina, ban da testosteron, wanda yake danne FSH, kuma shi ne waɗannan mazan suka rasa. An riga an raɗa wa wannan homon suna inhibin tun 1932, amma ba a iya ware shi aka tabbatar da shi ba sai a 1985. A 1956 aka tabbatar cewa kuromozom ɗin mutum 46 ne, a 1959 kuma Patricia Jacobs da John Strong a birnin Edinbara suka gano ƙarin X ɗin. Wato karatun da likitanka ya yi wa takardarka karatu ne mai tushe, an fi shekara tamanin ana yin sa.

Ka tambaya ko akwai maganin da zai sauko da FSH da LH. Akwai, amma saukar da su ba ya gyara komai, domin hawansu alama ce ta abin da ke faruwa a maraina. Ina so ka riƙe wannan da kyau, saboda za ka ji labarin wani da ba shi da ƙwayar maniyyi, aka yi masa allurai na wasu watanni, matarsa ta samu ciki, kuma labarin yana iya zama gaskiya. Akwai mazan da matsalarsu daga sama take, hipotalamus ko hipofiz ne ba sa aiko da saƙo, takardarsu takan nuna testosteron ƙasa, LH da FSH ma ƙasa. Irin waɗannan marainansu lafiyayyu ne, jiran kira kawai suke yi, idan aka yi musu allurar da ke maye gurbin LH da FSH sai su farka su fara aiki. Naka akasin wannan ne, kiran ya riga ya yi yawa, ƙara shi ba zai rayar da bututun da ya zama tabo ba. Haka nan magungunan ƙarfin maza da ake yawo da su a kasuwa da tasha, da garin saiwoyi da ake sha da nono ko zuma, babu wanda zai cire ƙarin kuromozom ko ya mayar da abin da ya lalace, wasunsu ma ana cakuɗa su da magungunan asibiti ba tare da an rubuta a jiki ba. Ka adana kuɗinka, akwai inda za su yi maka amfani.

Yanzu mu koma kan allurar abokinka. Idan aka zuba testosteron cikin jini daga waje, ƙwaƙwalwa ba ta bambanta shi da wanda maraina suka yi. Mai sallama ya ji an amsa, alhali ba mutanen gidan ne suka amsa ba, sai ya yi shiru. LH ya sauka, FSH ya sauka, ƙwayoyin Leydig su rage ɗan abin da suke yi. To, ƙwayoyin maniyyi ba da testosteron ɗin cikin jini suke girma ba, da wanda ake yi a cikin maraina kansu suke girma, kuma yawansa a can ciki ya ninka na jini sau hamsin zuwa ɗari. Babu allurar da za ta iya kai wannan adadin cikin maraina daga waje. Sakamakon shi ne mutum ya ji ƙarfi a jikinsa, sha'awarsa ta ƙaru, gwajin jininsa ya yi kyau, a ciki kuma ƴan wuraren da suka rage suna yin maniyyi su tsaya. Wannan sanannen abu ne, har a shekarar 1990 aka wallafa sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda aka yi wa lafiyayyun maza allurar testosteron duk mako a matsayin hanyar hana haihuwa, kuma mafi yawansu ƙwayoyin maniyyinsu sun ɓace cikin ƴan watanni. Ga lafiyayyen namiji abin yakan dawo bayan an daina, ko da ya ɗauki watanni. Ga wanda abin da ya rage masa kaɗan ne, ban ga hikimar yin kasada da shi ba.

Na ce ƴan wuraren da suka rage, kuma a nan ne ɗan fatan da ke akwai yake, zan kuma faɗa maka shi gwargwadonsa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na maza masu XXY ba a samun ƙwayar haihuwa a maniyyinsu, saboda haka samun ciki ta hanyar da aka saba abu ne mai wuyar gaske. Amma lalacewar bututun ba ta cika game ko'ina ba, akan samu wasu ƴan tsirarun bututu da suka tsira. Akwai tiyatar da ake buɗe maraina a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, a nemo waɗannan bututun a ciro ƙwayoyin da ke cikinsu, kuma a cibiyoyin da suka ƙware ana dacewa a wurin kusan mutum huɗu zuwa biyar cikin goma. Idan an samu, sai a ɗauki ƙwayar maniyyi guda a tura ta cikin ƙwan matar a ɗakin gwaji, hanyar da ake kira ICSI, wadda aka fara samun haihuwa da ita a Burusel ta ƙasar Beljiyam a 1992, sannan a mayar da ɗan tayin mahaifarta. An haifi yara da yawa ga maza masu XXY ta wannan hanya, kuma mafi yawansu kuromozom ɗinsu 46 ne daidai. Sai dai samun ƙwaya ba shi ne samun jariri ba, a kowane mataki ana iya tsayawa, aikin yana da tsada ƙwarai, kuma yana buƙatar cibiya ta musamman irin waɗanda ake samu a Tunis ko Kasabalanka. Ka tambayi likitanka inda ya fi kusa da kuma abin da za a kashe, kafin ka sayar da fili ko ka ci bashi. Ka kuma roƙe shi ya sake duba takardar kariyotip ɗin, wato gwajin ƙirga kuromozom da ya nuna 47,XXY, domin kusan mutum ɗaya ko biyu cikin goma ba XXY zalla gare su ba, wasu ƙwayoyin jikinsu XY ne wasu XXY, kuma irin waɗannan lalurar takan zo musu da sauƙi. Ta fuskar addini, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta halatta haɗa maniyyin miji da ƙwan matarsa a waje a mayar cikin mahaifar matar idan akwai buƙata, ta kuma haramta shigo da maniyyi ko ƙwai ko mahaifar wani na uku. Idan aka taɓa yi maka tayin maniyyin wani, ka san hukuncinsa tun yanzu.

Wannan hanyar, in ka zaɓe ta, nauyinta mafi girma a jikin maiɗakinka zai sauka, ita za a yi wa allurai na kwanaki, ita za a ciro wa ƙwai. Ko don wannan kaɗai ba ka da halin yin shiru, amma dalilin da ya fi shi ƙarfi yana cikin wasiƙarka. Shekara biyar baiwar Allah nan tana shan jiƙo da rubutu, tana jin habaicin dangi a wurin suna da biki, mai yiwuwa an riga an fara kiranta juya a bayan idonta, a kan abin da yanzu kai ka san ba daga gare ta yake ba. Kafin ka je Yamai ba ka da laifi, domin ba ka sani ba. Daga ranar da takardar ta shigo hannunka kuwa, duk kofin maganin da ta sha, da duk maganar da ta haɗiye, da saninka ne. Malam, ka gaya mata, kuma kada ka ja lokaci. Ka zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ka faɗa mata a fili cewa an yi gwaji, matsalar daga jikinka take, haka aka halicce ka, ba cuta ce da ake ɗauka ba, kuma ba za ta taɓa lafiyar jikinta ba. Kada ka nemi ta ba ka amsa a daren. Tana da haƙƙin son haihuwa kamar yadda kake da shi, tana da haƙƙin ta yi tunani, ta yi shawara da wanda ta amince da shi. Ba zan yi maka alkawarin abin da za ta zaɓa ba, amma zaman da za ta yi da kai bayan ta sani ya fi zaman da aka gina a kan ɓoye, wanda kuma ba ya ɓoyuwa har abada.

Game da Hajiya, ba dole ba ne ka yi mata bayanin kuromozom, kuma ba dole ba ne dangi su ji sirrinka. Abin da ya wajaba shi ne ka ɗauke zargin daga kan matarka. Ya isa ka ce mata, cikin ladabi, likita ya duba ku ya ce jinkirin daga wajenka yake, ana kan neman magani, kuma kana roƙonta a daina kai wa surukarta magunguna. Maganar ƙarin aure kuwa, in don haihuwa ne, ba za ta canza komai ba, sai dai a shigo da wata ƴar mutane cikin halin da ta farko take ciki. Ka kuma kwantar wa Hajiya da hankali idan ta fara tuhumar kanta. Ƙarin X ɗin yana faruwa ne lokacin da ƙwan uwa ko maniyyin uba yake rabuwa, kuromozom biyu su ƙi rabuwa su tafi tare, kusan rabin lokuta daga wajen uba, rabi daga wajen uwa. Ba abin da ta ci ko ta yi lokacin goyon cikinka ne ya jawo shi ba, ba sammu ba ne, kuma ba gado ne da ke bin zuri'a ba, don haka ƴan'uwanka ba su da abin tsoro. Malamai sukan tuna mana ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura, inda Allah ya ambaci wanda yake bai wa ƴaƴa mata, da wanda yake bai wa maza, da wanda yake haɗa wa duka, da wanda yake bari ba haihuwa, kuma bai keɓe wannan na ƙarshen ga mata ba. Idan hanyar asibiti ba ta yiwu ba, riƙon ɗan ɗan'uwa ko maraya, da sunan mahaifinsa kamar yadda shari'a ta ce, abu ne da gidajenmu suka daɗe da saninsa.

Tambayarka ta ko kai cikakken namiji ne, na san ita ce ta fi hana ka barci. Kai namiji ne. A jikin kuromozom Y akwai ƙwayar gado mai suna SRY, ita ce take sa ɗan tayi ya yi maraina ya bi hanyar halittar namiji, kuma tana aikinta ko X ɗaya ne a gefenta ko biyu. Lalurarka ba ita ce ta mata-maza da ake magana a littattafan fiƙihu ba, babu wani ruɗani a al'aurarka ko a hukuncinka. Mafi yawan masu XXY suna saduwa da iyalinsu, suna kuma fitar da maniyyi, domin ruwan maniyyi kusan dukkansa wasu gaɓoɓin ne suke yin sa ba maraina ba, shi ya sa mutum zai yi shekaru bai san komai ba. Idan gemunka bai cika ba, ko ƙirjinka ya ɗan tasa, wannan ma daga lissafin homon ɗin ne: LH mai yawa yana sa maraina su riƙa juya wani sashe na testosteron zuwa estradiyol, kitsen jiki ma yana yin haka, sai ma'aunin da ke tsakanin su biyun ya karkata. Yawancin masu lalurar sukan fi ƴan gidansu tsawo, musamman a ƙafafu. Kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan namiji ɗaya cikin 600 da ake haifa yana da ita. A ƙasar Danmak, inda ake da cikakken rajistar marasa lafiya, wani bincike na shekarar 2003 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka gano suna da ita. Sauran suna noma, suna kasuwanci, suna koyarwa kamar kai, ba su taɓa jin sunan ba.

Duk wannan ba yana nufin testosteron abokin gaba ne ba. Idan maganar haihuwa ta kammala, ko an yi tiyatar an adana abin da aka samu, ko kun yanke cewa ba za ku bi wannan hanyar ba, to akwai yiwuwar zai zama maganinka na tsawon rai, kuma ina ba ka shawarar kada ka guje shi a lokacin. Ƙarancin testosteron na shekaru yana rage ƙarfin ƙashi har ya riƙa karyewa da ƙaramar faɗuwa, yana rage tsoka ya ƙara tumbi, yana kawo kasala, raguwar sha'awa da ƙuncin rai. Kafin a fara, a auna shi da safe tsakanin ƙarfe 7 da 11, kafin ka karya, kuma sau biyu a ranaku dabam-dabam, domin yana hawa da safe ya sauka da yamma. Akwai allurar da ake yi duk mako biyu zuwa uku, akwai mai daɗewa da ake yi duk mako 10 zuwa 14, akwai kuma na shafawa a fata kullum. Bayan an fara dole a riƙa auna kaurin jini, saboda testosteron yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, idan ma'aunin ya wuce kashi 54 cikin ɗari akan dakata ko a rage. Wani abu kuma da ya kamata ka sani tun da wuri: a wurin masu XXY, LH ba ya cika komawa daidai ko da testosteron ya kai inda ake so, FSH ma haka, tunda babu inhibin B. Kada wannan ya sa kai ko wani ya riƙa ƙara yawan allura domin a ga lambobin sun sauka. Abin da ake bi shi ne matakin testosteron a jini da yadda kake ji a jikinka.

Akwai wasu cututtukan da masu XXY suka fi sauran maza haɗarin kamuwa da su, kuma saninsu ya fi rashin sani amfani. Ciwon sukari da yawan kitse a jini suna kan gaba, don haka ka riƙa gwada su ko da sau ɗaya a shekara, ka riƙe nauyinka, ka riƙa tafiya a ƙasa, ka rage sukarin shayi. Akwai kuma daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Kai da kake yin tafiyar fiye da kilomita 500 tsakanin Tawa da Yamai a zaune cikin bis, ka riƙa sauka kana taka ƙafa duk inda aka tsaya, ka sha ruwa sosai, kuma idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke maka ba zato, ka tafi asibiti a ranar. Idan kana shan taba ka bar ta. Kansar nono ba ta da yawa a maza, har a masu XXY ma ba ta kai ta mata ba, amma ta fi ta sauran maza, saboda haka duk wani ƙullutu mai tauri a ƙirji a nuna wa likita.

Ka koma wurin likitan da ya ba ka sakamakon, wannan karon tare da maiɗakinka, ko ka nemi a tura ka wurin likitan homon ko likitan mafitsara a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Yamai. Ka tafi da dukkan takardunka, ka rubuta tambayoyinka a takarda tun daga gida, tunda ka ga yadda hankali yake tashi a gaban likita. Ka tambaye shi ko XXY ɗin a dukkan ƙwayoyin da aka duba yake, ko yana ganin tiyatar neman ƙwaya ta dace da kai, a ina ake yin ta, kuma nawa ne, sannan ko akwai buƙatar a duba maiɗakinka kafin a kashe kuɗi. Idan lokacin fara testosteron ya yi, ka nemi ya rubuta maka sunan allurar, da yawanta, da tazarar da za a riƙa bari, da ranar gwajin jini na gaba, domin a riƙa yi maka ita a asibiti a can Tawa ba sai ka riƙa zuwa Yamai kowane wata ba.